Tabon Huhu: Abin da Kwamfuta Ke Gani a Gilashi, da Abin da Sai Kai Ka Faɗa

Ɗan'uwa mai karatu, in Allah ya kai mu Babbar Salla aka feɗe rago, kada ka yi saurin miƙa wa mata kayan ciki. Ɗauki huhun ka duba shi. Yana da laushi kamar soso, ba nauyi. In ka jefa shi a ruwa ba ya nutsewa. In ka sa baki a maƙogwaron ka hura sai ya kumbura, ka saki ya koma yadda yake. Naka ma haka yake yi dare da rana, sau 12 zuwa 20 a kowane minti ɗaya ga babban mutum.

A cikin huhu akwai 'yan jakunkunan iska waɗanda ido ba ya gani, sun kai miliyan 300 zuwa 500. Kowace jaka ƙananan jijiyoyin jini sun kewaye ta. Bangon da ya raba iska da jini siriri ne ƙwarai, silin gashin kanka ya fi shi kauri fiye da sau 50. Ta wannan bango iska mai amfani, wato oksijin, take ratsawa ta shiga jini.

To, ka tuna da wanda ya taɓa ƙonewa a hannu. Ciwon ya warke, amma ya bar tabo: fatar wurin ta yi tauri, ta ɗaure, ba ta miƙewa. Akwai cututtukan da ke sa irin wannan tabo a cikin huhu. Bangon nan siriri ya yi kauri, oksijin ya kasa ratsawa, huhu ya ƙandare kamar ƙirgi. In ka je Sinnar ko Madani, likita zai ce maka "talayyuf" da Larabci. Mu a wannan darasi za mu ce tabon huhu. Ba a ɗaukarsa wurin wani, ka ci tuwo kwano ɗaya da mai shi ba komai. Sai dai wurin da ya riga ya zama tabo ba ya komawa huhu. Duk ƙoƙarin da ake yi, na ceton sauran ne.

Abin da ya sa na rubuta wannan darasi shi ne tambayar da ake ta yi mini kwanan nan. Mutane sun ji a waya cewa a ƙasashen waje akwai kwamfuta da ke duba ɗan naman huhu ta faɗi cutar mutum. Wasu har sun fara lissafin abin da za su sayar su tafi. Maganar tana da gaskiya a ciki, amma kafin ka kai saniya kasuwa ya kamata ka san iyakarta.

Yadda yake farawa

Ciwon ba ya zuwa da hayaniya. Mutum ya ga yana haki in ya hau gangaren bakin kogi, inda da yake hawa da buhu a ka. Bayan wata shida ko shekara, tafiya masallaci ma sai ya tsaya a hanya. Akwai busasshen tari marar majina wanda ba ya jin magani. Wasu kan yatsunsu kan kumbura, farce ya lanƙwasa kamar bayan cokali. In muka sa abin saurare a ƙasan bayansa mukan ji ƙaras-ƙaras, kamar ana ɓalle maɗaurin takalmin yara mai mannewa.

Kafin yaƙin nan wani dattijo ya zo mana daga wani ƙauye a hayin kogi. Shekara biyu yana tari da haki. Sau biyu an ba shi maganin tarin fuka a wani wuri, wata shida-shida, alhali ko sau ɗaya ba a taɓa ganin ƙwayar cutar a majinarsa ba. Na tambaye shi sana'arsa, ya ce noma. Na rubuta "manomi", na wuce. Wannan kuskurena ne, kuma na maimaita shi a zuwansa na biyu. A zuwa na uku 'ya'yansa suka ce sun sa shanun huɗa biyu a kasuwa, za su kai shi Masar a yanko naman huhunsa a ba na'ura. Muna cikin wannan magana sai matarsa, wadda ke zaune a bakin ƙofa, ta ce, "Sista, ni dai na ga duk ranar da ya share ɗakin tattabarun nan, kwana yake yi bai yi barci ba." Na ce, "Baba, kana da tattabaru?" Ya ce, "'Yata, ai ba ki tambaye ni ba." Ɗakinsu jikin ɗakin kwanansa yake, kuma shekara da shekaru shi yake share shi da kansa.

Ka riƙe labarin dattijon nan, za mu dawo gare shi.

Abubuwan da ke kawo shi

Tabon huhu ba cuta ɗaya ba ce. Hanyoyi ne da yawa da ke ɓullewa wuri ɗaya.

Wadda ta fi tayar mini da hankali a yanzu ita ce ƙurar dutse. Samarinmu da yawa sun tafi neman zinariya, wasu Abu Hamad, wasu kasuwar Abidiyya kusa da Barbar, wasu kudu wajen Kurmuk. Suna fasa dutse a rami, suna niƙa shi a injin, su fito fari fat kamar an tsoma su a gari. Ƙurar da kake gani ba ita ce mugun ba, hanci da maƙogwaro suna tare ta. Mai kisan ita ce wadda ba ta ganuwa, tana wucewa har cikin jakunkunan iska ta zauna, jiki ya kasa narkar da ita, sai ya yi ta gina tabo kewaye da ita. Yawanci sai bayan shekara 10 ko fiye ciwon yake bayyana, amma in ƙurar ta yi yawa 'yan shekaru kaɗan sun isa. Yana iya ci gaba ko bayan mutum ya bar aikin. Kuma wanda ƙurar dutse ta taɓa huhunsa ya fi sauran mutane saurin kamuwa da tarin fuka sau uku ko fiye. Rawani ko ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan ƙura. Ruwa ne yake kashe ta. A arewacin Nijeriya an gwada fesa ruwa a bakin injinan niƙa dutsen zinariya, sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna ƙurar dutsen da ake shaƙa ta ragu da kashi 80 cikin 100. In ɗanka yana can, karanta masa wannan a waya.

Hanya ta biyu ita ce ta dattijonmu. Jikin wasu mutane ba ya shiri da ƙurar gashin tsuntsu da busasshen kashinsa, ko furfurar da ke fitowa a kan harawa da dawar da suka sha laima a rumbu, ko tuƙar rake da ta daɗe a jibge, ko ciyawar mukayyif na ruwa da ba a canzawa. Mutum goma su shaƙa, tara ba abin da zai same su, na goma huhunsa ya kumbura. In aka gane da wuri aka raba shi da abin, yakan samu sauƙi sosai. In aka bari shekaru suka ja, kumburin ya zama tabo.

Akwai kuma tabon da tarin fuka ke bari bayan ya warke. Akwai wanda ke biyo ciwon gaɓoɓi mai kumbura yatsu, ko cutar da ke sa fata ta yi tauri. Wasu magunguna ma kan jawo shi in an daɗe ana sha, kamar amiodarone na zuciya da nitrofurantoin na ciwon fitsari. Sannan akwai wanda aka bincika ba a samu sanadinsa ba. Ya fi kama maza da suka haura shekara 60, musamman waɗanda suka sha sigari. Shi ne mafi tsanani: kafin a samu magungunan yanzu, rabin masu shi ba sa wuce shekara 3 zuwa 5 bayan an gano shi.

Masu aikin gurzar auduga za su ce, mu fa? Tun 1969 Dakta Mustafa Khogali ya buga bincike a kan ma'aikatan gurza a nan Sudan. Ƙurar auduga tana da illa, amma tata dabam ce. Hanyoyin iska take matsewa, ƙirji ya ɗaure musamman ranar farko da aka koma aiki bayan hutu. Wannan darasi ne na wata rana.

Me ya sa sai an bambanta?

Za ka ce tunda tabo ba ya gogewa, mene ne amfanin sanin irinsa? Amfanin shi ne maganin wani guba ne ga wani. Kortizon yana taimakon wasu masu ciwon tattabaru da masu ciwon gaɓoɓi. Shekaru da yawa likitoci suna ba da shi har ga masu tabon da ba a san sanadinsa ba, sai da aka yi wani gwaji a Amurka aka buga shi a 2012. Mutum 77 aka ba su haɗin magani uku da kortizon a ciki, mutum 78 aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta. A rukunin farko mutum 8 suka rasu, a na biyu mutum 1. Dole aka tsayar da haɗin tun kafin wa'adi. Cikin magungunan da ake ba masu irin wannan tabo akwai pirfenidone da nintedanib, waɗanda Amurka ta amince da su a 2014. Ba sa warkarwa. Suna rage saurin lalacewar huhu da kusan rabi, kuma suna da tsada.

Don haka kada ka sayi kortizon a kanti don wani ya ce ya sha hakinsa ya tafi. Ban da abin da na faɗa, yana iya ta da tarin fuka da ke kwance a jiki.

Daga majina zuwa wuƙa

Bincike hawa-hawa ne. Duk mai tarin da ya kai mako biyu, majinarsa za a fara gwadawa. Na'urar GeneXpert tana ba da amsa cikin kamar awa biyu. Sai a maƙala maka ɗan abin awon oksijin a yatsa, kana zaune, a sake bayan ka yi tafiyar minti shida. Mai tabon huhu sau da yawa lambarsa lafiya lau in yana zaune, da ya taka sai ta faɗo. Sai gwajin hura iska, da gwajin jini, da hoton ƙirji na yau da kullum. Bayan haka sai babban hoto, wanda ake kwantar da kai a tura ka cikin wani zobe, ya ɗauki huhu yanka-yanka kamar an yanka burodi. Da Larabci "ashi'a maƙɗa'iyya" ake ce masa. Shi ne ginshiƙin gane tabon huhu. In ya nuna ramuka jere kamar saƙar zuma a ƙasan huhu da gefensa, kuma labarin mutum ya dace, ba a bukatar yanka. Mai shekaru a ramin zinariya wanda hotonsa ya nuna irin tabon ƙurar dutse, shi ma yawanci ba ya bukata.

Sai in duk wannan bai raba gardama ba ake maganar ɗauko ɗan nama, abin da za ka ji ana kira "ayyina". Hanya biyu ce. Ko a sa ka barci a huda tsakanin haƙarƙari a yanko gutsure biyu ko uku, ko a zura siririn bututu ta baki, mai kai da ke daskarar da nama, a ciro ɗan guntu kamar ƙwayar wake. Aikin ba wasa ba ne. A wani lissafi na asibitocin Amurka da aka buga a 2016, cikin mutum 100 da aka shirya musu aikin huda a natse, kusan 2 ba su fita asibiti da rai ba. Cikin waɗanda aka yi wa a gaggauce suna kwance jina-jina, 16 ne cikin 100. Hanyar bututu ta fi sauƙi, amma tana iya jawo zubar jini, kuma kamar mutum 1 cikin 10 iska kan yoyo daga huhunsa. Wanda numfashinsa ya riga ya yi ƙasa sosai, ko zuciyarsa ta gaji, ba a yi masa.

Yadda nama ke zama hoto

Da an ciro naman sai a tsoma shi cikin wani ruwa mai suna fomalin don kada ya ruɓe. A ɗakin gwaji a tsotse ruwan jikinsa, a zuba masa narkakken kaki irin na kyandir, ya daskare ya zama ɗan dunƙule kamar guntun sabulu. Daga wannan dunƙule ake yanko fallaye da wata wuƙar inji. Ka raba milimita ɗaya gida 250, kaurin falle ɗaya ke nan. A shimfiɗa shi a kan ɗan gilashi, a rina shi da rini biyu, shuɗi da ja-ja, don sassan nama su fito. Akwai wani rini da ke fito da tabo, akwai wanda ke fito da ƙwayar tarin fuka.

Likitan duba nama ne yake sa gilashin a madubin ƙara girma. Tambayoyi yake yi wa abin da ke gabansa. Ina tabon ya zauna, a gefen huhu ko kewaye da ƙananan hanyoyin iska? Ya game ko'ina daidai, ko jefi-jefi yake, tsohon tabo kusa da lafiyayyen wuri? Akwai wuraren da sabon tabo ke toho? Akwai 'yan ƙulli irin na ciwon tattabaru, ko manyan ƙulli masu ruɓaɓɓen ciki irin na tarin fuka, ko masu zobe-zobe kamar yankakkiyar albasa irin na ƙurar dutse? Aiki ne mai wuya, kuma gwanaye kan saɓa. A Ingila an taɓa ba likitoci 10 gilasai iri ɗaya, sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna sun rarrabu a kan da yawa daga ciki. Mu a nan matsalarmu ta wuce saɓani. Irin waɗannan likitoci da ma kaɗan ne, a manyan birane suke. Babban ɗakin gwaji na ƙasa a Khartum ya faɗa hannun mayaƙa a Afrilun 2023, Madani kuma ta kasance cikin yaƙi daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025, ma'aikata da yawa suka watse.

Inda kwamfuta ta shigo

Mataki na farko ba ya bukatar wayon kwamfuta ko kaɗan. Akwai na'urar da ke ɗaukar hoton gilashin gaba ɗaya, layi-layi, ta haɗa shi ya zama ƙaton hoto guda, wanda nauyinsa a waya kan kai na cikakken fim. Tun 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda likita ya yanke hukunci da irin wannan hoto maimakon madubi. Amfaninsa gare mu a fili yake: hoto yana tafiya ta intanet, likita a wata ƙasa ya duba, majinyaci yana kwance a gidansa.

Mataki na biyu shi ne a koya wa kwamfuta ta duba da kanta. Dattawan da suka yi noman auduga a Jazira sun san mai tantance auduga. Yakan cusa hannu a buhu ya ciro dunƙule, ya ja zaren, ya faɗi darajarta. Ba a haife shi da wannan ido ba, dubban buhuna ne suka wuce ta hannunsa. Haka ake yi wa kwamfuta. A yayyanka ƙaton hoton nan gida dubbai, a nuna mata dubban irinsu, har ta fara gane cewa wannan ya yi kama da wancan. A Jami'ar Nagasaki ta Japan, Farfesa Junya Fukuoka da abokan aikinsa sun buga wani aiki a 2022. Sun bar kwamfuta ta tara gutsattsarin hoto masu kama da juna tuli-tuli, sai likitoci suka bi tulin suna sa musu suna: wannan tsohon tabo ne, wannan kumburi, wannan lafiyayyen huhu. Daga nan in aka ba ta sabon gilashi, sai ta shafa wa kowane yanki launinsa kamar taswira, ta auna yawan kowanne, ta ce wannan ya yi kama da tabo mai tsananin nan ko bai yi ba. Abin da na fi so a wannan tsari shi ne likita yana ganin dalilinta, yana iya cewa a'a.

Kwamfuta ba ta gajiya. Gilashi na ɗari da na farko duk ɗaya ne a wurinta, kuma ba ta tsallake lungu. Amma tana kuskure. A 2018 Dakta Simon Walsh da abokan aikinsa a Landan sun gwada wata a kan babban hoton huhu. Aka ba ta hotuna 150, aka ba ƙwararrun likitocin hoto 91 su ma. Ta dace a kashi 73 cikin 100, matsakaicin likitocin kuma kusan 71. Wato ta kamo ƙwararru, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka juya lissafin: cikin kowane hoto huɗu ta kuskure ɗaya.

Kwamfuta mai duba naman huhu don gane tabo har yanzu galibi a hannun masu bincike take. Wadda ka fi yiwuwar haɗuwa da ita ita ce mai duba hoton ƙirji don neman tarin fuka, kamar CAD4TB ta Holan ko qXR ta Indiya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irinsu wajen tace mutane 'yan shekara 15 zuwa sama. Maki take bayarwa, in ya yi sama sai a gwada majina. Ka lura da wannan da kyau: tsohon tabo da ƙurar dutse su ma suna ɗaga makin. Maki mai yawa ba izinin fara maganin wata shida ba ne.

Abin da ba ta gani

Mu koma ga mai tantance auduga. In wanda ya cika buhu ya sa mai kyau a sama, hannun da aka ciro ba zai faɗi abin da ke ƙasa ba. Ɗan naman da aka ciro ƙanƙani ne, tabon kuma jefi-jefi yake, har sashe biyu na huhun mutum ɗaya kan nuna abu biyu dabam. Abin da aka ɗora a gilashi kaɗai kwamfuta take gani.

Sannan abin da aka koya mata ta sani. Ta Nagasaki da ta Landan da na ambata, da huhun mutanen Japan da Turai suka yi karatu. Huhun da ya sha hayaƙin icce shekara 40, ya yi tarin fuka a ƙuruciya, ya shaƙi ƙurar hubub da ta rami, baƙo ne a wurinta. Hakinka ma wataƙila ba daga tabo yake ba. Tsargiya da ake ɗauka a magudanan ruwan Jazira, in ta daɗe, ƙwanta kan toshe jijiyoyin jinin huhu har zuciya ta gaji. Ƙarancin jini ma yana sa haki.

Babban abin kuwa shi ne, tsohon ciwon tattabaru da tabon da ba a san sanadinsa ba suna iya zama kusan iri ɗaya a gilashi. Ido ko na'ura, duk za su iya ruɗewa. Abin da ke raba su sau da yawa magana ce irin wadda matar dattijon nan ta faɗa daga bakin ƙofa. Shi ya sa ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitocin ƙirji na Amurka, Turai, Japan da Latin Amurka suka fitar a 2018, suka sabunta a 2022, ta ce a zauna tare: likitan ƙirji da labarin majinyaci, likitan hoto da hotonsa, likitan nama da gilashinsa. Kwamfuta mai taya su ce.

Saboda haka in za ka zo asibiti, zo da labarinka cikakke. Duk aikin da ka taɓa yi, ko na wata uku ne shekara 20 da suka wuce. Dabbobi da tsuntsayen gidanka. Inda kake ajiye harawa. Sigari ko shisha, kada ka ji kunya. Kwalayen duk maganin da ka sha, da katin tarin fuka in an taɓa ba ka. Ka zo da wanda ke kwana kusa da kai, ya fi ka sanin tarinka. Game da masu ɗaukar hoton ƙirji da waya su tura wa wata manhaja ta faɗa musu cutarsu, ban ba ka shawara ba.

In an ce sai an ɗauki nama

Ka tambayi likita cikin ladabi: an yi babban hoto, likitan hoton ƙirji ya gani? In aka samu amsa, za ta canza maganin da za a ba ni? Wa zai duba gilashin? In amsar ba za ta canza komai ba, haɗarin bai cancanta ba. Ka kuma tuna musu a ware wani guntu a ruwan gishiri don gwajin tarin fuka, domin fomalin yana kashe ƙwayar, ba za ta tsiro a gwaji ba.

Bayan an gama, ka roƙi gilasan da dunƙulen kakin nan, ko a gaya maka inda aka ajiye su da lambarsu. Dunƙulen yana shekaru bai lalace ba in ka tsare shi daga zafin rana, kada ka bar shi a mota ko kusa da murhu. Ana iya sake yankar falle daga jikinsa a ko'ina. Babban hoton ma ka karɓi faifansa, takardar bayani kaɗai ba ta isa ba. Sau da yawa kaki da faifai ne ya kamata su tafi Bur Sudan ko Alƙahira a jakar wani ɗan'uwa, mai haki ya zauna a gida.

Wanda aka riga aka gano masa tabon huhu, ya rabu da ƙura da hayaƙi, ya bar sigari. Kada ya kwanta ya ce ya gama. Ya riƙa tafiya kullum gwargwadon ƙarfinsa, yana shaƙa ta hanci yana fitarwa a hankali ta leɓe kamar mai hura koko. Abinci kaɗan-kaɗan ya fi cika ciki, don cikakken ciki yana danne huhu. In an ba shi oksijin, wuta da sigari kada su kusanci wurin. In haki ya ƙaru farat ɗaya cikin 'yan kwanaki, ko zazzaɓi ya shigo, ko leɓe ya yi duhu, a kawo shi a ranar, kada a jira ranar kasuwa.

Dattijon nan mun tura shi aka yi babban hoto. Likitan ƙirji ya haɗa hoton da labarin tattabarun, ya ce ba sai an yanka ba. Rabuwa da su ta yi masa ciwo, tun yana saurayi yake kiwonsu. Aka sayar da su duka, domin matsar da ɗakin bayan gida ba ya isa. Ƙurar gashin takan daɗe a gida wata da watanni, sai 'ya'yansa suka yayyafa ruwa suka kankare ɗakin, suka wanke shimfiɗu, shi kuma ya yi mako biyu a gidan 'yarsa. Aka ba shi kortizon na ɗan lokaci bayan an tabbatar ba tarin fuka. Tarin ya ragu ƙwarai. Tabon da ya riga ya zauna yana nan, in zai je masallaci yakan tsaya sau ɗaya a gindin bedi ya huta. Shanun huɗan ba a sayar ba, da su 'ya'yansa suka yi noman daminar.